Baba ya ce in bar kwas ɗina in sake neman likitanci, ta ina zan fara bincike?

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 20, ina aji biyu a kwaleji, ina karantar kimiyyar halittu, wato bayoloji. Likitanci na nema tun farko, makina bai kai ba, aka ba ni wannan kwas ɗin. Da farko na sha kuka, amma yanzu gaskiya na fara jin daɗinsa, musamman ranar da muke shiga ɗakin gwaje-gwaje. Matsalar ita ce Baba. Ya ce wanda ya karanta bayoloji ba shi da abin yi sai koyarwa, don haka in ajiye in sake zana jarrabawa in nemi likitanci, ko da zan yi asarar shekara biyu. Mama kuma ta ce in ƙarasa abin da na fara. Ya ba ni zuwa ƙarshen wannan zangon in kawo masa amsa. Duk lokacin da ya ce min "to wane aiki za ki yi da shi?" sai bakina ya mutu, don ni ma ban sani ba. Wani malaminmu ya ce in je laburaren makaranta in bincika. Na je sau ɗaya, na ce wa wani ma'aikaci ina neman littafi a kan ayyuka, ya nuna min wata kanta da hannu, na tarar da littattafan da suka girme ni, na fito jiki a sanyaye. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta ce laburare tsohon yayi ne, komai yana cikin waya. Amma wayar ma ruɗa ni take yi, kowane bidiyo da abin da yake faɗa. Ba na so in saɓa wa Baba, ba na kuma so in zubar da shekara biyu a kan abin da ban tabbatar ba. Yaya zan yi?

Ɗalibar da ta rasa tudun dafawa

Wa alaikis salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wurin da na fi tsayawa shi ne inda kika ce kin fara jin daɗin kwas ɗin ranar da kuke shiga ɗakin gwaje-gwaje. Kin faɗe shi a gurguje kamar ba komai ba, alhali a duk wasiƙar shi kaɗai ne abin da kika sani game da kanki ba tare da wani ya gaya miki ba. Ki riƙe shi da kyau, za mu dawo kansa.

Bari mu fara da Baba, don na ga tsoron ɓata masa rai shi ya fi ci miki tuwo a ƙwarya. Tambayar da yake yi miki tambaya ce mai kyau, kuma duk uban da ke ɗaukar nauyin karatun 'yarsa yana da haƙƙin ya yi ta. Abin da ya sa likitanci ke kwantar wa iyaye hankali shi ne sunan kwas ɗin da sunan aikin ɗaya ne: ka karanta likitanci, ka zama likita, kowa ya san inda za a same ka da safe. Bayoloji kuwa sunan fanni ne, ba sunan aiki ba. Waɗanda suka karanta shi suna watsuwa wurare daban-daban a ƙarƙashin wasu sunaye, shi ya sa wanda ke waje ba ya ganinsu, sai malamin aji kawai, don shi ne aka rubuta "bayoloji" a jadawalinsa. Koyarwa aiki ne mai daraja, ba abin gudu ba ne, amma ba ita kaɗai ce ƙofa ba. Saboda haka Baba bai ƙi ki ba, bai kuma raina ki ba. Yana tsoron kada ki gama ki zauna ne, kuma shirun da kike yi duk lokacin da ya tambaye ki yana ƙara masa wannan tsoron. Mama ita ma tana da hujjarta, shekara biyu ba kwana biyu ba ce. Yanzu dai ku uku kuna jayayya ne a kan zato. Aikin da ke gabanki kafin ƙarshen zango shi ne ki kawo abin da za a ɗora a gaba a duba, kuma malaminku ya nuna miki wurin da ya dace.

Abin da ya faru ranar da kika je laburare ba laifinki ba ne, amma akwai gyara biyu. Na farko, ba duk wanda ke aiki a laburare ne aka horar don amsa irin tambayarki ba. Akwai mai duba kati a ƙofa, akwai mai bayar da aron littafi, akwai mai mayar da littattafai kan kanta. Wanda kike nema shi ne ƙwararren ma'aikacin da ke kula da sashen bincike, wato sashen nan da ake ajiye ƙamus-ƙamus da manyan kundaye waɗanda ba a fita da su waje. Shi karatun da ya yi ke nan, nemo wa mutum bayanin da bai san inda yake ba. Na biyu, tambayar da kika yi ta yi faɗi. In kika ce "littafi a kan ayyuka", ba wanda zai san abin da ke damunki. Ki koma da safe a tsakiyar mako, ba lokacin jarrabawa ba da wurin ke cika maƙil, ki yi sallama, ki ce: "Malam, ina aji biyu a bayoloji, ina so in san ayyukan da masu wannan digirin ke yi ban da koyarwa, da ƙarin takardar da kowanne ke buƙata. Ina da mako shida. Ta ina zan fara?" Wannan tambaya ce da ake iya kamawa. In ya ce yana da aiki, ki roƙe shi ya sa miki rana. Matambayi ba ya ɓata, kuma kuɗin makarantar da Baba ke biya har da na wannan hidimar a ciki.

Kafin ranar, yana da kyau ki san yadda aka jera littattafan, don kada kanta ta sake ba ki tsoro. Kowane littafi yana da lamba a gadon bayansa, kuma lambar tana bin maudu'i ne. Yawancin laburare suna bin ɗaya daga cikin tsari biyu. In naku yana bin tsarin Dewey, wanda Melvil Dewey ya fitar a 1876, za ki ga lambobi zalla: bayoloji yana 570, likitanci da kiwon lafiya suna 610, littattafan zaɓen sana'a suna wajen 331.7, na neman aiki da rubuta takardar tarihin karatu kuma suna 650.14. In kuma yana bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda manyan makarantu da yawa suka fi so, za ki ga haruffa kafin lamba: QH na bayoloji ne, R na likitanci, jagorar zaɓen sana'a kuma tana HF5381. Ki nemo littafi ɗaya a katalog, wato jerin littattafan da laburaren ke da su, ki je inda yake, sannan ki duba maƙwabtansa na dama da hagu, don sau da yawa wanda zai fi yi miki amfani yana nan kusa da wanda kika zo nema. Batun tsufa kuwa, ki juya shafin da ke bayan na suna, a nan ake buga shekara. Tsohon littafi yana iya gaya miki gaskiya a kan yadda ranar mai aikin gwaje-gwaje take tafiya, da irin haƙurin da aikin ke so. Amma kada ki ɗauki maganarsa a kan albashi, ko yawan guraben aiki, ko sharuɗɗan shiga, waɗannan suna sauyawa da sauri.

Abin da za ki fara tarawa shi ne sunayen ayyuka, don mutum ba ya binciken abin da bai san sunansa ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da jerin rabe-raben ayyuka da ake kira ISCO, kuma na shekarar 2008 ya kasa ayyukan duniya manyan gida 10, da ƙananan rukunai 436. Ki ce a buɗe miki rukuni mai lamba 2131, na masana halittu da tsirrai da dabbobi, da 2133 na masu kare muhalli, da 3141 na masu taimaka wa binciken kimiyyar rayuwa, da 3212 na masu aikin gwaje-gwajen asibiti. A ƙarƙashin kowanne an rubuta abin da mai aikin ke yi. Daga nan ki wuce zuwa Occupational Outlook Handbook, wanda ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka ke fitarwa sama da shekara 70, yanzu kuma kyauta ne a intanet. Kowane aiki an yi masa bayani a tsari ɗaya: me ake yi, a wane irin wuri, wane karatu ake buƙata, nawa ake biya, da wasu ayyukan da suka yi kama da shi. Wannan ɓangare na ƙarshe shi ne zai buɗe miki ido, don daga suna ɗaya za ki fito da biyar. Sai dai ki kula, alƙaluman albashi da hasashen guraben aiki da ke ciki na Amurka ne kaɗai. Ki ɗauki bayanin aikin, ki bar musu alƙalumansu, kada ki kai wa Baba lissafin wata ƙasa a matsayin naku.

Ƙawarki ta faɗi rabin gaskiya. Abubuwa da yawa suna cikin waya, amma mafi ingancinsu a kulle suke sai an biya, kuma laburare ne ke riƙe da mabuɗin. Makarantu kan yi rajista da rumbunan mujallun ilimi, su ba ɗalibansu kalmar sirri, ɗalibai da yawa kuma har su gama ba su taɓa karɓar tasu ba. Ki tambayi sashen kwamfuta na laburaren waɗanne rumbuna kuke da su. Ki tambaya musamman ko makarantarku tana cikin shirin Research4Life, wanda ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallu kyauta ko a farashi mai sauƙi. A cikinsa akwai Hinari na kiwon lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, da AGORA na noma da abinci da aka fara a 2003, da OARE na muhalli na 2006, kuma dukansu sun shafi fanninki. Ko babu wannan, PubMed, wato rumbun neman takardun binciken lafiya da kimiyyar rayuwa a intanet, a buɗe yake ga kowa. Za ki ce me ya haɗa mujallar bincike da neman aiki? Ba sai kin fahimci duk abin da ke cikin takardar ba. Ki nemo bincike goma na baya-bayan nan da aka yi a ƙasarku a kan abin da ke burge ki, ko ƙwayoyin cuta ne, ko tsabtar ruwan sha, ko cututtukan amfanin gona. Ki duba ƙarƙashin sunayen marubutan, za ki ga inda kowa ke aiki. Ki sauka ƙarshen takardar, za ki ga wanda ya ba da kuɗin binciken. Waɗannan su ne wuraren da ke ɗaukar irinku aiki, a rubuce, ba da bakin mai bidiyo ba. Shi mai bidiyo kallo yake nema, kuma wanda abin ya yi wa kyau ne kawai ke fitowa ya yi magana.

Akwai wani ɗaki da nake so ki shiga ko da ba ki shiga ko'ina ba, shi ne inda ake ajiye kundayen binciken ɗaliban da suka gama. Yawanci za ki same su jere da bango mai kauri launi ɗaya, an buga suna da shekara a baya, ƙura ta kwanta a kansu don ba mai taɓawa sai 'yan ajin ƙarshe. Ki ɗauko na sashenku na shekara biyar da suka wuce. Ki karanta kanun binciken, ki lura da waɗanda suka sa kika tsaya kika buɗe ciki da waɗanda kika wuce ba ki ji komai ba, don wannan ma labari yake ba ki a kan kanki. Sannan ki buɗe shafin godiya, wanda kowa ke tsallakewa. Bayan an gode wa iyaye da malamai, sau da yawa za ki ga an gode wa shugaban wani ɗakin gwaji na asibiti, ko wata cibiyar binciken noma, ko hukumar ruwa, ko kamfanin sarrafa abinci ko magunguna inda ɗalibin ya yi gwajinsa. Ki rubuta sunayen wuraren. Mutanen da suka zauna a kujerar da kike zaune ne suka taka ƙafa zuwa can. Daga nan ki leƙa sashen jaridu, ki bi tallace-tallacen guraben aiki na wata shida, ki ga sau nawa aka nemi mai digirin kimiyyar halittu, da abin da ake ƙarawa a kai, ko iya sarrafa alƙaluma a kwamfuta ne, ko digiri na biyu, ko rajista da wata hukuma.

Wannan batu na rajista kada ki yi wasa da shi, don a nan ne mai yiwuwa Baba ya fi ki gaskiya. Ayyukan kiwon lafiya da yawa, irin su gwaje-gwajen asibiti da haɗa magunguna, a ƙasashe da dama doka ta ce sai wanda ya yi takamaiman kwas ɗinsu ya kuma sami lasisin hukumar da ke kula da sana'ar. Digirin bayoloji shi kaɗai ba lallai ya buɗe wannan ƙofar ba. Ki nemi ma'aikacin ya taya ki gano ƙa'idojin hukumomin ƙasarku daga takardunsu na asali. Gara ki san wannan yanzu kina aji biyu da ki sani bayan kin karɓi takardar gamawa.

Ki sayi littafin rubutu guda, na wannan aikin kaɗai. In sunaye suka taru, ki tace su zuwa uku waɗanda ranki ya fi kwantawa da su, ki ƙara likitanci ya zama na huɗu, kuma ki yi masa adalci kamar sauran. Kowanne ki ba shi shafi biyu: me mai aikin ke yi daga safe zuwa yamma, wace takarda ake buƙata, shekara nawa daga yau kafin ki fara karɓar albashi, su wa ke ɗauka, me ke da wuya a cikinsa, kuma a ina kika samo kowace magana da shekararta. A shafin likitanci ki rubuta gaskiya tsakaninki da Allah: me ya sauya tun wancan karon da makinki bai kai ba? In kika sake zana jarrabawar makin bai kai ba fa? Kuma aikin kike so, duba marar lafiya da kwanan asibiti da ganin jini da rasuwa, ko girman sunan? Yana yiwuwa ki gama ki ga cewa har yanzu likitancin ne a ranki. In haka ne, babu kunya a ciki, kin dai tabbatar ne da idonki. In kina son ƙarin haske a kan halinki, akwai gwajin sha'awa na kyauta a shafin O*NET na ma'aikatar ƙwadago ta Amurka, wanda aka gina a kan ra'ayin John Holland da ya kasa sha'awar aiki gida shida. Ki yi shi don ya tayar miki da tunani, amma kada ki ɗauke shi hukunci. Daɗin da kike ji a ɗakin gwaje-gwaje ya fi shi nauyi a wurina.

Takarda tana da iyakarta, gani ya kori ji. Cikin sunayen da kika samo, ki kai wa malamin nan da ya tura ki laburare, ki roƙe shi ya haɗa ki da mutum biyu ko uku da suka gama a sashenku suna aiki, da likita ɗaya wanda bai daɗe da fara aiki ba. Minti 15 kawai za ki nema, kuma ki faɗa tun farko cewa ba aiki kike roƙo ba, sani kike nema. Ki tambaye su yadda suka sami aikin farko, wata nawa suka yi suna jira, da abin da suke cewa da sun sani tun suna aji biyu. Ki tambayi har waɗanda suka sauya hanya gaba ɗaya, don labarinsu ma yana cikin lissafi. In kuma kika tarar laburarenku ba shi da ƙarfi, kada ki karaya. Ki tambaya ko suna aro daga wani laburaren, ko za su ba ki takardar gabatarwa zuwa wata makaranta mafi girma. Ki kuma bincika ko akwai ofishin ba ɗalibai shawara a makarantar, sau da yawa yana nan ba a san da shi ba.

Sai maganar komawa wurin Baba. Kada ki jira sai ranar ƙarshe. Tun wannan makon ki gaya masa cewa kin ɗauki tambayarsa da muhimmanci, kin fara bincike, kuma har da likitancin kike dubawa. Wannan kaɗai zai sassauta masa. In kin kammala, ki fara nuna wa Mama littafin, ita ta san lokacin da ya fi sakin jiki. Ki zauna a gabansa da ladabi, ki ce: "Baba, ka tambaye ni ban iya ba ka amsa ba. Ga abin da na gano, ina so ka duba ka ba ni shawara." Ki nuna masa har wuraren da maganarsa ta tabbata, kada ki ɓoye su, don in ya ga ba ki zo kare kanki ba ne, zai fi sauraron sauran. Ki bar masa littafin ya kwana da shi.

Akwai kuma hanya ta tsakiya da ban ga kun ambata ba. Ba dole sai kin ajiye kwas ɗinki kafin ki sake gwada sa'a ba. Ki nemi kundin dokokin ɗalibai na makarantarku, laburare yana ajiye kwafinsa, ki karanta abin da ya ce a kan sauya kwas a cikin gida, da dakatar da karatu na ɗan lokaci, da ko ana iya sake zana jarrabawar shiga alhali ana ɗaliba. Ki kuma bincika ko a ƙasarku akwai makarantun da ke karɓar mai digirin kimiyya ya shiga likitanci daga baya, don a wasu ƙasashe haka tsarin yake. Duk yadda shawararku ta kaya, abu ɗaya nake roƙonki da shi da Baba: kada ki sa hannu a takardar barin makaranta sai takardar shiga sabon kwas tana hannunki. Kuma a duk tsawon binciken nan kada makinki na wannan zangon ya faɗi, don kowace hanya kika ɗauka cikin huɗun nan, shi za a fara tambaya.

Awa biyu sau biyu a mako sun ishe ki, mako shida kuma sun isa a cika littafin. Ki ja ƙawar taki ku tafi tare a zuwan farko, ita ma tana da kalmar sirrin da ba ta karɓa ba. In kin zauna da Baba, ki rubuto min yadda kuka yi, da ayyuka ukun da kika tsayar. Allah ya yi miki jagora, ya sanya albarka a karatunki.